Ruwan gatari da ƙota: yadda Attaura ta raba kisan kuskure da na ganganci

Mutum biyu sun shiga daji saran itace. Ɗaya ya ɗaga gatari zai kai wa bishiya sara, ruwan gatarin ya fice daga ƙota, ya tashi ya sami abokinsa a ka, ya faɗi ko shurawa bai yi ba. Wannan shi ne misalin da Maimaitawar Shari'a, ɗaya daga cikin littattafan Attaura, ta kawo a sura ta 19, aya ta 5. Duk wanda ya taɓa riƙe gatarin da ƙotarsa ta bushe ta saki ya san abu ne mai faruwa. Wanda ya yi saran yana tsaye da ƙota a hannu, ga gawa a gabansa, babu na uku da ya gani. Kafin rana ta faɗi labari zai kai gida, mamacin kuma yana da wa ko ƙane wanda al'ada ta ɗora wa nauyin bin kadin jininsa.

Kowa ya yarda cewa mai gatarin nan ba ɗaya yake da wanda ya laɓe a bayan kuka yana jiran maƙiyinsa ba. Yaro ma ya san wannan. A ganina abin da ya sa dokar Attaura ta cancanci a zauna a karanta ta shi ne ta gane cewa sanin bambancin ba ya ceton kowa idan wanda zai tantance shi ne ɗan'uwan mamaci, a sa'ar farko, zuciyarsa tana tafasa. Don haka yawancin ayoyinta a kan wannan batu sun tafi ne wajen hanya, da gari, da ƙofa, da shaidu, wato abubuwan da za su riƙe mai kisa da rai har a samu masu sanyin kai su zauna.

Ginshiƙin hukuncin yana littafin Fitowa 21:12-14, cikin ayoyi uku kacal. Wanda ya bugi mutum ya mutu, a kashe shi. Idan bai yi kwanto ba, ƙaddara ce ta jefa mamacin hannunsa, to za a keɓe masa wurin da zai gudu. Idan kuwa da gangan ya tasar wa maƙwabcinsa ya kashe shi da makirci, ko bagaden Ubangiji, wato wurin miƙa hadaya, ya riƙe a janye shi a kashe. Littafin Ƙidaya sura ta 35, da Maimaitawar Shari'a sura ta 19, da Joshuwa sura ta 20 su ne suka buɗe waɗannan ayoyi uku suka zuba musu dalla-dalla.

Matsalar kowane alƙali ita ce niyya a zuci take, ba a ganinta. Da za a tambayi mai kisa, kowa mai gatari ne. Attaura ba ta dogara da bakinsa ba. Ta ba masu shari'a abubuwa uku da ido ke gani ko maƙwabta ke iya shaida.

Na farko, abin da ke hannunsa. Ƙidaya 35:16-18 ta jera ƙarfe, da dutse, da itace. A nan akwai wani ɗan bambanci da mai karatu da sauri kan tsallake. Game da dutse da itace an sa sharaɗi: ya zama na hannu wanda zai iya kisa. Game da ƙarfe ba a sa wannan sharaɗi ba, domin ƙarfe komai ƙanƙantarsa yana huda jiki. Ke nan idan da dutse aka yi, sai an auna girmansa da nauyinsa. Tsakuwa da dutsen niƙa ba ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauki taɓarya ya maka wa mutum a tsakar ka ba zai zo ya ce tsoratarwa ya yi niyya ba, abin da ya zaɓa ya riga ya yi magana a madadinsa.

Na biyu, tarihin da ke tsakaninsu. Ayoyi na 20 da 21 sun ce idan ya tunkuɗe shi saboda ƙiyayya, ko ya naushe shi da hannu saboda gaba, mai kisankai ne ko da babu makami. Maimaitawar Shari'a ta faɗi abin da lafazin da a Ibrananci ya zo daidai da namu: bai ƙi shi ba jiya ko shekaranjiya. Wannan tambaya ce da ƙaramin gari ke iya amsawa. Sun taɓa rigima a kan iyakar gona? An ji ya yi masa alwashi a kasuwa? Sun daina gaisawa? Malaman Yahudawa na baya sun sa mata ma'auni: maƙiyi shi ne wanda ya yi kwana uku bai yi wa mutum magana ba saboda gaba.

Na uku, kwanto, wato shiri. Wanda ya jira, ya zaɓi wuri da lokaci, ya sami damar ya fasa bai fasa ba.

Sai ayoyi na 22 da 23 na Ƙidaya 35 suka juya kowane ɗayansu: ya tunkuɗe shi farat ɗaya ba da gaba ba, ya jefa masa abu ba tare da kwanto ba, ya saki dutse mai iya kisa bai gan shi ba, shi ba maƙiyinsa ba, ba ya kuma nemansa da sharri. Abin lura shi ne dutsen da ke aya ta 17 shi ne dai a aya ta 23. Girmansa bai canza ba, gawar ma ɗaya ce. Abin da ya canza shi ne a ɗaya ya buga, a ɗaya ya saki bai gani ba. Wannan ya nuna makami kaɗai ba ya yanke hukunci, kamar yadda gatari ƙarfe ne amma mai gatarinmu bai zama mai kisankai ba. Makami yana zama hujja ne idan an tabbatar an kai bugun da sani. Alƙalin da ya ɗauki ayoyi na 16 zuwa 18 ya rufe littafi zai kashe marasa laifi da yawa, wanda kuma ya riƙe na 22 da 23 kaɗai zai saki duk mai iya tsara labari. Dole a haɗa su a karanta.

Yanzu ga matakan. Abu na farko mai kisa ya gudu, dokar ce ma ta ce ya gudu. An keɓe garuruwa 6 daga cikin 48 na Lawiyawa, ƙabilar masu hidimar ibada. Uku a yammacin Kogin Urdun: Kedesh a Galili can arewa, Shekem a tsaunukan Ifraimu a tsakiya, Hebron a tsaunukan Yahuza a kudu. Uku a gabas: Golan a Bashan, Ramot a Gileyad, Bezer a tudun jeji na Ra'ubainu. Daga Hebron zuwa Shekem kimanin kilomita 80 ne a miƙe, daga Shekem zuwa Kedesh kimanin 100, ke nan wanda abin ya same shi a tsakiya yana da tafiyar kilomita 40 zuwa 50 a gabansa. An umarci a raba ƙasar kashi uku, a gyara hanyoyi, an kuma faɗi dalili a fili: kada mai bin jini ya bi shi zuciyarsa da zafi ya cim masa saboda nisan hanya. An ƙara da cewa idan ƙasa ta faɗaɗa a ƙara wasu garuruwa uku. Wato idan mai kuskure ya mutu a hanya saboda nisa, alhakin jininsa yana wuyan al'ummar da ba ta kawo mafaka kusa ba.

Malaman da suka zo daga baya, waɗanda aka tattara maganganunsu a Mishna wajen shekara ta 200 Miladiyya da kuma Talmud bayanta, sun ɗauki zancen hanyar nan da muhimmanci ƙwarai. Babbar hanyar jama'a faɗinta kamu 16, ta zuwa garin mafaka kamu 32. A kowace mararraba a kafa alama mai cewa mafaka, mafaka, don kada mai gudu ya tsaya tambaya, tunda wanda zai tambaya yana iya zama dangin mamaci. Bayan shari'a kuma a haɗa shi da almajiran malamai biyu su raka shi, idan mai bin jini ya tare su a hanya su lallashe shi.

Idan ya isa, Joshuwa 20:4 ta ce ya tsaya a bakin ƙofar gari ya faɗa wa dattawa abin da ya faru. Su shigar da shi, su ba shi masauki, idan mai bin jini ya zo kada su miƙa shi. Wannan sauraro na bakin ƙofa ba shi ne shari'ar ba, karɓa ce ta wucin gadi a kan maganarsa shi kaɗai. Shari'a tana zuwa a gaban taron jama'a, waɗanda za su yi hukunci tsakaninsa da mai bin jini. Idan ganganci ya tabbata, dattawan garinsu su aika a ɗauko shi a damƙa shi ga mai bin jini, kada a ji tausayinsa. Idan kuskure ne, a mayar da shi garin mafaka. Ba a kashe kowa da bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku. Wannan gata ya haɗa da baƙo da ɗan ci-rani, ba na ɗan ƙasa kaɗai ba ne, Ƙidaya 35:15 ta ambace su da suna.

Wani zai ce, me ya sa ba a soke mai bin jinin gaba ɗaya ba? A ƙasar da babu 'yan sanda, babu gidan kaso, babu hauni mai albashi, dangi su ne kaɗai garkuwar mutum. Sunan mai bin jini a Ibrananci shi ne go'el, kuma shi ne dai wanda ke fanso gonar ɗan'uwansa idan talauci ya sa ya sayar, ko ya fanso shi kansa idan ya faɗa bauta. Da an soke shi, da jinin talaka ya zama banza. Abin da dokar ta yi shi ne ta bar masa zartar da hukunci, ta ƙwace masa yanke shi. Na fi ganin hikima a wannan fiye da dokar da za ta hana abu a rubuce alhali ta san babu mai iya hanawa a ƙasa.

A nan ne zancen ya taɓa mu. Direban da ya kaɗe yaro a bakin titi a garuruwanmu ya san idan ya tsaya, jama'a na iya gamawa da shi su ƙone motar kafin wani ya tambayi ko birki ne ya tsinke. Shi ya sa direbobi ke gaya wa juna cewa kada ka tsaya, ka miƙe ofishin 'yan sanda mafi kusa. Dokar Penal Code ta Arewacin Najeriya ta raba kisan da hukuncinsa kisa ne a sashe na 221 da wanda bai kai haka ba a sashe na 222, fiƙihun da muke karantawa ya raba ganganci da kuskure tun ƙarnoni. Rarrabewar muna da ita a littafi. Abin da muke rasawa shi ne tabbacin cewa mutum zai kai gaban alƙali da ransa, da tabbacin cewa idan ya kai, dangin mamaci za su ga an yi shari'a ba an sallame shi ta bayan gida ba. Idan ɗayan biyun nan ya ɓace, ɗayan ma ba ya tsayawa: mutane suna ɗaukar doka a hannunsu ne saboda ba su yarda ƙofar da ya shiga za ta fito da shi gaban hukunci ba. Wanda ya fi cutuwa kuma shi ne yaron da aka bari kwance, wanda da direban ya iya tsayawa da ya kai shi asibiti.

Mai kuskure a Attaura bai fita fes ba. Zai zauna a garin mafaka har babban firist, shugaban masu hidimar ibada, ya mutu, ko shekara ɗaya ce ko talatin. Idan ya ƙetare iyakar garin mai bin jini ya same shi ya kashe, babu alhaki a kansa. Ya bar gonarsa, da sana'arsa, da kabarin iyayensa. Mishna ta tsananta: ba ya fita ko don ba da shaida, ko da Isra'ila duka na bukatarsa a fagen yaƙi, can zai zauna, can zai mutu, can za a binne shi. Har bishiyar da gindinta ke cikin iyaka rassanta na waje an yi magana a kanta, aka ce rassa ake bi. Dalilin wannan nauyi yana ƙarshen Ƙidaya sura ta 35: jini yana ƙazantar da ƙasa. Rai ya salwanta, ba a wucewa kamar ba a yi komai ba. Akwai kuma amfani na zahiri, domin matar mamaci ba za ta riƙa haɗuwa da shi a bakin rijiya kowace safiya ba. Wa'adin da aka ɗaura a kan mutuwar babban firist ba mai iya saye ko ragewa, kuma mutuwar shugaban da ke ɗauke da zunuban al'umma a gaban Allah ita ce ke rufe lissafin. Malaman sun hango haɗarin da ke ciki, shi ya sa suka ruwaito cewa iyayen manyan firistoci mata sukan kai wa mazauna mafaka abinci da tufa, don kada su yi addu'ar 'ya'yansu su mutu.

Tsakanin tsantsar ƙaddara da ganganci akwai fili mai faɗi, shi ne sakaci, kuma Attaura ba ta bar shi a buɗe ba. Idan sa ya soki mutum ya mutu, a jefe san, kada a ci namansa, mai shi ba shi da laifi. Amma idan an san san da suka tun da, an gargaɗi mai shi bai ɗaure ba, to shi ma ya cancanci kisa, sai dai a nan an yarda a ɗora masa kuɗin fansar ransa. Gargaɗin da aka yi masa shi ya mayar da tsautsayi laifi. Wanda ya gina sabon gida dole ya ja wa soronsa rawani, domin a ƙasar ana hawa rufi a sha iska, a shanya kaya, a kwana; idan wani ya faɗo, jinin yana kan gidan. Mishna ta bi wannan layi da misalin tsani: wanda yake saukowa ya faɗo kan mutum ya kashe shi zai tafi mafaka, wanda yake hawa ya zamo ba zai tafi ba, ba a ɗora masa wannan nauyi. Mai sauke ganga da igiya ta kuɓuce masa zai tafi, mai jawo ta sama igiya ta tsinke ba zai tafi ba. Hikimar ita ce mai saukar da nauyi ya san inda nauyin ya dosa, ya kamata ya duba ƙasa. Haka ɓarawon da aka kama yana fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini, domin a duhu mai gida bai san ko kisa ya kawo shi ba. Idan rana ta fito, akwai alhaki.

Inda Attaura ta yi hannun riga da maƙwabtanta shi ne kuɗi. Dokar Sarki Hammurabi na Babila, wadda ta girme ta, ta san kisan da ba a nufa ba: wanda ya bugi mutum a faɗa ya mutu, ya rantse bai yi da gangan ba, ya biya rabin mina (ma'aunin nauyi) na azurfa idan mamacin ɗan babban gida ne, ƙasa da haka idan talaka ne. Ƙidaya 35:31-32 ta rufe wannan ƙofa ta fuska biyu: ba a karɓar fansa a kan ran mai kisankai, ba a kuma karɓa don mai kuskure ya koma gida kafin wa'adi. Manufar a bayyane take, kada mai dukiya ya sayi abin da talaka zai biya da wuyansa. Ina ganin ƙarfin wannan. Ina kuma ganin giɓin da ya bari. Mai gatari ya tafi Shekem, amma matar mamaci da marayunsa dokar mafaka ba ta yanka musu ko ƙwayar hatsi daga hannunsa ba. Shari'ar Musulunci a Suratun Nisa'i aya ta 92 ta fuskanci wannan ɓangaren: diyya ga iyalan mamaci, wadda sunna ta ƙayyade da raƙuma 100 kuma dangin mai kisa ke haɗawa, sannan kaffara ta 'yanta bawa ko azumin wata biyu a jere. Ɗaya ta fi damuwa da kada a yi cinikin jini, ɗaya ta tuna da cikin marayu. Mai son gyara dokar ƙasa yau yana bukatar ya riƙe damuwar biyu tare.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye inda tsarin ya gaza ba. Abner, sarkin yaƙin gidan Saul, ya kashe Asahel a fagen yaƙi, bayan ya gargaɗe shi sau biyu ya daina binsa, da gindin mashi ma ya soke shi. Yowab, wan Asahel kuma sarkin yaƙin Dawuda, ya jira har aka yi sulhu, ya ja Abner gefe a ƙofar Hebron kamar zai yi masa magana a asirce, ya soke shi a ciki. Hebron ɗin nan tana cikin garuruwa shida, ƙofar kuma ita ce wurin da dattawa ke sauraro. Ga makirci, ga kwanto, ga ƙarfe, duk alamomin sun cika. Dawuda ya yi kuka, ya la'anci gidan Yowab, amma bai hukunta shi ba, ya ce 'ya'yan Zeruya, wato Yowab da ɗan'uwansa, sun fi ƙarfinsa. Sai bayan fiye da shekara 30, a zamanin Sulemanu, Yowab ya gudu ya riƙe zankayen bagade, Benaiya, jarumin Sulemanu, ya kashe shi a wurin. Annabi Yusha'u (Hosiya) kuma ya zargi firistoci da kisa a kan hanyar Shekem kamar 'yan fashi. Doka mai kyau tana durƙushewa idan mai laifi shi ne sarkin yaƙi, ko idan masu tsaron hanya su ne masu tare ta.

Sharaɗin shaidu biyu shi ma yana da farashinsa, domin mai shirya kisa ba ya gayyatar 'yan kallo. Malaman Mishna sun san haka, suka tanadi ɗakin tsarewa mai ƙunci da ɗan abinci da ruwa ga wanda aka tabbata ya yi kisa amma shaida ba ta cika ba. Duk da haka ba su sassauta sharaɗin ba. Shari'ar rai sai alƙalai 23, ana wanke mutum da rinjayen murya ɗaya, ba a kama shi da laifi sai da rinjayen biyu. Sun zaɓi kuskuren sakin mai laifi a kan kuskuren kashe mai gatari, ni ma nan na tsaya, domin na biyu ba a iya gyara shi gobe.

Idan babban firist ya mutu, mutumin ya koma ƙasar gadonsa, mai bin jini ba shi da sauran iko a kansa. Mishna ta ce tun yana garin mafaka, idan mutanen garin suka so su girmama shi, sai ya gaya musu cewa shi mai kisa ne. Idan suka ce duk da haka, sai ya karɓa. Game da komawarsa gida kuwa malamai biyu sun saɓa. Rabbi Meyir ya ce yana komawa kan muƙamin da yake riƙe da shi a da, Rabbi Yahuda ya ce gona da gida dai zai samu, muƙami ya wuce. Na fi karkata ga Meyir. Mutumin da taron jama'a ya tabbatar bai ƙi mamaci jiya ko shekaranjiya ba, ya kuma cika wa'adinsa bai ƙetare iyaka ba, bai kamata a ƙirƙiro masa wani horo na biyu wanda ayar ba ta ambata ba.